Bitar Bincike a Taron Masu Lissafin Gayya: Daga Maƙala Uku Zuwa Aiki Bakwai

Asalin lamarin

Duk wanda ya taɓa halartar gayyar noma ba zai sha wahalar gane wannan fanni ba. Mai bincike ne ke da lissafin da ya fi ƙarfin kwamfutarsa, sai ya yayyanka shi ƙulli-ƙulli, ya zuba a babbar kwamfutar da ke rabon aiki, wadda ake kira uwar garke. Mutane a ƙasashe daban-daban suna sa wata manhaja a kwamfutocinsu na gida. Da zarar kwamfutar ta samu sarari, sai ta karɓo ƙulli ɗaya ta intanet, ta lissafa, ta mayar da amsa, ta karɓo wani. Ba a biyan kowa ko sisi, kuɗin wutar ma mai kwamfuta ne ke biya. Ladansa maki ne da ake rubuta masa, da jin daɗin cewa da hannunsa a binciken. Shi ya sa nake kiran abin lissafin gayya, masu ba da kwamfutocin kuma 'yan gayya.

Abin ba sabo ba ne. SETI@home, wanda Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta buɗe a watan Mayun 1999 don tace siginar da ake kamowa daga sararin samaniya, shi ya fito da sunan fannin, bai daina rabon aiki ba sai a ƙarshen Maris na 2020. Daga cikinsa David Anderson ya fitar da BOINC a 2002, manhajar da mai bincike zai iya kafa tasa gayyar a kai. A kanta Einstein@Home ke gudana, wanda kwamfutocin 'yan gayyarsa suka gano wani tauraro mai juyawa yana feso sigina a 2010, haka climateprediction.net na Jami'ar Oxford da LHC@home na CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ke kusa da Geneva. Folding@home, wanda aka fara a Stanford a 2000 da tasa manhajar daban, ya haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya lokacin annobar korona a 2020. Matsalar Afirka ma ta taɓa shiga layi. A ƙarƙashin shirin Africa@home, cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Basel a Suwizalan ta gudanar da MalariaControl.net daga 2006, ana kwaikwayon yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro a kwamfutocin mutane, har aka yi bitar koyar da fasahar a cibiyar koyar da ilimin lissafi ta AIMS da ke Muizenberg kusa da Cape Town a 2007. An rufe aikin a 2016.

Lamarin da zan bi diddiginsa na wata malama ce da ke koyar da kimiyyar kwamfuta a wata jami'a a arewacin Najeriya. Na sakaya sunanta da na taron. Dakta muke kiranta, haka zan kira ta a nan. A Turai ta yi digirinta na uku kan yadda uwar garke ke rabon ƙulli, ta kuma halarci taron shekara-shekara na masu wannan harka sau uku. Taron kwana uku ne, a wani birni a Turai, a mako na uku na Satumba. Mahalartansa masu rubuta manhaja ne, da masu kula da uwar garke, da 'yan gayya da ke biya wa kansu kuɗin jirgi, sai masu bincike 'yan kaɗan.

Abin da ya dame ta shi ne wannan: a can ana ta cigiyar bincike mai amfani da za a ba kwamfutocin da ke zaune, a nan kuma abokan aikinta na barin kwamfutar hannu a kunne wata da watanni kan lissafi ɗaya, wuta na ɗaukewa ana komawa farko. Sai ta ƙudura haɗa su a zauren bita guda.

Disamba zuwa Janairu: neman gurbi

A Disamba masu taron suka nemi a kawo shawarar bitocin da za a yi a gefen babban taro. Dakta ta haɗa kwamitin mutum biyar: ita, da wani farfesan ilimin yaɗuwar cututtuka daga wata jami'ar Afirka ta Yamma, da wani matashi Bature mai kula da uwar garken wata tsohuwar gayya, da wani dattijon injiniya da ya yi ritaya, wanda ya fi shekara goma sha biyar yana ba da kwamfutocinsa, sai ni da nake rubuta abin da aka tattauna.

A ƙarshen Janairu aka amsa mana. An ba mu awa uku da rabi, da ɗaki mai cin mutum 40, da majigi, da hanyar shiga daga nesa. Kuɗin tafiya babu. An sa mu ranar Juma'a da ƙarfe 2 na rana agogon can. An kuma ce dole jadawalinmu ya isa hannun shugaban tsara taron kafin Yuni ya ƙare.

Fabrairu zuwa tsakiyar Mayu: kiran maƙaloli

Dakta ta bi tsarin da ta saba gani a tarukan masana. Maƙala mai shafi takwas da Ingilishi, mutum uku su tantance kowace, a tura ta EasyChair, shafin intanet na karɓar maƙalolin taro, wa'adi 30 ga Afrilu, sakamako 15 ga Yuli. Abin da aka nema shi ne sabon sakamakon binciken da aka yi da lissafin gayya kan matsalolin Afirka. Mun sa ran maƙala goma sha biyu, a zaɓi shida.

Uku suka zo. Ta farko daga wani rukunin masu bincike na Turai, kan yawan wutar da katin zane-zane na kwamfuta ke ci. Aiki ne mai kyau, amma babu Afirka a ciki. Ta biyu bayani ne na gama-gari kan hayar kwamfutoci ta intanet, ba ta taɓa batunmu ba. Ta uku daga wani ɗalibin digiri na uku, mai manhajar kwaikwayon zazzaɓin cizon sauro, ya haɗo da 'yar wasiƙar ban haƙuri cewa bai taɓa gwada ta a kwamfutar da ba tasa ba. Aka ƙara mako biyu, ba a samu ƙarin ko ɗaya ba. Wajen masu tantancewa ma an sha wuya: cikin mutum tara na taron da aka roƙa, biyu suka amsa. Sauran sun ce gyaran uwar garke suka iya, ba duba maƙala ba.

Maimakon ta sake tura sanarwa, Dakta ta ɗauki waya ta kira mutum 15 daga cikin waɗanda ta tabbata suna da irin wannan lissafi. Amsar da ta fi maimaituwa ita ce, ba su taɓa amfani da fasahar ba, to sakamakon me za su rubuto? Wasu suka ce wa'adin ya faɗo tsakiyar makin jarrabawa. Wasu suka faɗa mata gaskiya cewa ba za su zuba sakamakon da suka wahala a kai a bitar da kwamitin ƙarin girma ba ya ƙirgawa ba. Uku suka ce ko an karɓe su ranar 15 ga Yuli, ba za su samu biza da kuɗin tafiya kafin Satumba ba. Wata malama kuma ta ɗauka an rufe tun daren 30 ga wata, alhali wa'adin na agogon AoE ne, wato sai ranar ta ƙare a ko'ina a duniya, wanda a Najeriya da Nijar ya kama ƙarfe 1 na rana washegari. Mu ne ba mu fayyace hakan a sanarwa ba.

Rabin Mayu na biyu: soke maƙala gaba ɗaya

Dattijon injiniya ya kawo shawarar a watsar da maƙala. A buɗe ƙofa, duk wanda ya zo ya rubuta batunsa a allo da safe, a kasa zama gwargwadon abin da ya fito. Masu rubuta manhaja sun saba da irin wannan zama, kuma yana yi musu aiki. Huɗu daga cikinmu muka yarda. Farfesa bai samu shiga zaman ba. Aka sanar.

Kwana goma ba su cika ba Farfesa ya kira Dakta. Ya nuna mata cewa malamin jami'a a yankinmu ba ya samun izinin tafiya ko kuɗin halartar taro sai da takardar da ta ambaci sunansa da taken abin da zai gabatar. Takardar gayyata da ba ta faɗi aikin da mutum zai yi ba kuma ba ta da nauyi a gaban mai duba biza. A makon ne ɗalibin nan ya rubuto cewa malamin da ke duba aikinsa ya janye amincewa, tunda babu abin da zai nuna wa sashe idan ya dawo. Shugaban tsara taron shi ma ya tuna mana cewa jadawalin da babu suna ko ɗaya a cikinsa ba zai riƙe ɗaki ba, akwai masu jira.

Ranar 30 ga Mayu muna da ɗaki na wata ɗaya, ba mu da mai magana ko ɗaya.

Yuni: takardar tambayoyi bakwai

Mafitar ta fito ne daga wani zaman da ba a shirya shi don haka ba. Dakta ba ta so ɗalibin ya tafi hannu rabbana, sai ta haɗa shi da matashin mai kula da uwar garke su yi magana ta bidiyo, ita tana saurare. Matashin bai karanta shafi takwas ɗin ba. Tambayoyi ya shiga jerowa, cikin minti arba'in ya san ko aikin zai shiga gayya ko ba zai shiga ba. Dakta ta rubuta tambayoyin yadda suka fito, a daren ta mayar da su takardar neman shiga bita.

Ta farko: me kake lissafawa, cikin layi biyar da wanda ba masani ba zai fahimta? Wannan don 'yan gayya ce, domin mutum ba ya barin kwamfutarsa tana cin wuta dare da rana kan abin da ba a yi masa bayaninsa ba. Ta biyu ita ce uwar tambayoyin: aikin na yankuwa ƙulli-ƙulli ta yadda kowane zai kammala ba tare da jiran amsar ɗan'uwansa ba? Kwamfutocin gayya ba sa magana da juna, wata a Jamus, wata a Burazil, wata ma an kashe ta an tafi aiki. Ta uku da ta huɗu awo ne: ƙulli ɗaya minti nawa yake ci, ƙwaƙwalwar kwamfuta nawa yake buƙata, megabait nawa ke shiga, nawa ke fitowa? Aikin da za a sauke gigabait guda don lissafin minti biyar asara ne ga kowa. Ta biyar: ƙulli nawa ne jimla, kuma in sun ƙare akwai wasu? Gayyar da aikinta ke yankewa 'yan gayya na watse mata.

Ta shida ta fi ba masu bincike mamaki. In aka ba kwamfuta biyu ƙulli ɗaya, amsa ɗaya za su kawo? Mai gayya bai san kwamfutocin da ke yi masa aiki ba; wata ta yi zafi tana kuskure, wani ma da gangan yake mayar da amsar bogi don ya tara maki. Maganin da aka saba shi ne tagwaita aiki, a tura ƙulli ɗaya wuri biyu a gwada amsoshin. To amma kwamfutoci mabambanta kan saɓa a lambobin can ƙarshen bayan ɗigo, don haka ko dai mai bincike ya faɗi iyakar saɓanin da zai lamunta, ko a tura tagwayen ga kwamfutoci iri ɗaya, ko a naɗe manhajar cikin kwamfutar cikin kwamfuta irin ta VirtualBox, kamar yadda LHC@home ke yi. A ƙarƙashin wannan tambaya aka sa ta yada zango: in an kashe kwamfuta tsakiyar aiki, manhajar na ci gaba daga inda ta tsaya ko tana komawa farko? Ta bakwai: da wane yaren kwamfuta aka rubuta ta, akwai lasisin da ake biya, kuma bayanan da ke ciki na wane ne?

Sauran tsarin an gina shi ne a kan amsoshin wayar da Dakta ta yi. Shafi biyu kawai, da Ingilishi ko Faransanci, saboda abokan aiki na Nijar da Kamaru. A haɗo da ƙulli ɗaya na gwaji wanda ke aiki. Mutum biyu za su duba, masanin fannin da mutumin taron, a ba da amsa cikin mako ɗaya ba tare da jiran ranar rufewa ba. Wanda aka karɓa zai samu takarda mai ɗauke da sunansa da taken gabatarwarsa, za a kuma ajiye shafi biyun a Zenodo, rumbun da CERN ke kula da shi tun 2013, inda kowane rubutu ke samun lambar DOI da za a iya kafa hujja da ita. Babu wanda aka nemi ya bayyana sakamakonsa, don haka maƙalar mujalla tana nan daram.

Kafin 20 ga Yuni takarda 11 suka shigo. Aka karɓi bakwai. Huɗun da aka mayar ba su da manhajar da ke aiki tukuna. Mutanen taron da suka ƙi duba maƙala a Afrilu, shida daga cikinsu suka karɓi wannan aikin a rana ɗaya. Nan Dakta ta ƙara abu guda: kowane mai bincike aka ba shi mai masauki daga cikinsu, wanda zai gwada ƙullin a tasa kwamfutar kafin Satumba, su riƙa magana kai tsaye. Jadawali ya isa hannun shugaban tsara taro ranar 27 ga Yuni.

Yuli da Agusta: biza, agogo da layi

Ƙa'idar bizar Schengen, wadda ake shiga mafi yawan ƙasashen Turai da ita, a bayyane take. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, amsa kan fito cikin kwana 15, amma doka ta yarda a kai kwana 45. Kuɗinta Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, sai inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Abin da ba ya cikin ƙa'ida shi ne tsawon jiran ranar ganawa. In aka ƙirga kwana 45 baya daga tsakiyar Satumba an faɗo farkon Agusta, wato tsohon tsarinmu na 15 ga Yuli mako biyu da 'yan kwanaki kawai ya bar wa mutum ya nemo izini da kuɗi da ranar ganawa. Sabon tsarin ya ƙara kusan wata ɗaya. Cikin bakwai, huɗu suka samu kuɗin tafiya. Biyu suka samu biza, ɗaya aka hana shi, ɗaya kuma ranar ganawar da ta samu ta faɗo bayan taron. Biyar ke nan za su shiga daga nesa.

Wannan ya mayar da maganar agogo babba. Ƙarfe 2 na rana a tsakiyar Turai a Satumba ƙarfe 1 ne a Kano da Damagaram, daidai lokacin masallacin Juma'a. Safiyar Alhamis da aka yi mana tayi kuma ba ta yi ba, domin ƙarfe 9 na safe a can sha biyun dare ne a Kalifoniya, inda biyu daga cikin masu masauki suke. Aka daidaita a kan Alhamis ƙarfe 3 na yamma: 2 a Najeriya da Nijar, 1 a Gana, 6 na safe a Kalifoniya. Wata bita ce ta yarda muka yi musaya.

A Agusta aka gwada layi da kowane mai shiga daga nesa, a daidai sa'ar da za a yi bitar, daga ɗakin da zai zauna. Biyu layinsu ya yanke a gwajin. Sai aka ce kowa ya naɗi bayaninsa na minti biyar a bidiyo ya turo mako ɗaya kafin ranar, a kuma buɗe zauren WhatsApp na ko-ta-kwana.

Satumba: ranar bitar

Mutum 31 ne a ɗaki, 19 daga nesa. Minti 70 na farko an ba kowane aiki minti goma: biyar mai bincike ya faɗi abin da yake nema, biyar mai masauki ya faɗi abin da ya faru da ya gwada ƙullin. Daga nan minti 90 a tebura uku, da hutun minti 20 a tsakiya wanda aka dace da La'asar a gida. Minti 30 na ƙarshe aka rubuta a allo, aiki bayan aiki, wa zai yi me, zuwa yaushe.

Aikin ɗalibin zazzaɓi ya fi cin lokaci. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar a yankin Sahel maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a lokacin damina. Tambayarsa ita ce, in ruwa ya makara ko ya zarce, wane mako ya fi dacewa a fara rabon? Gwaji ɗaya na cin minti 40, megabait 2 ke shiga, ƙasa da 1 ke fitowa, yana kuma buƙatar gwaji 60,000. Ɗaya bayan ɗaya awa 40,000 ke nan, fiye da shekara huɗu da rabi. In aka tagwaita aka raba wa kwamfuta 1,000, a lissafin takarda awa 80 ne. Sai dai mai masaukinsa ya gano tun Agusta cewa amsa biyu ba sa taɓa zama ɗaya, domin manhajar na amfani da lambobin ƙuri'a, tana kuma ɗauko lambar mafarinsu daga agogon kwamfuta. A tebur aka gyara, aka sa lambar mafarin cikin ƙullin kansa, aka gwada a kwamfuta biyu, amsa ta zo ɗaya. Matashin mai kula da uwar garke ya ce kada ɗalibin ya wahalar da kansa da kafa sabuwar gayya; za su ɗora aikin a tasu, wadda ke da 'yan gayya a hannu.

Sauran sun wuce da sauri. Wani mai bincike daga Nijar na kwaikwayon ranar shukar gero a kan ruwan shekaru da dama. Aikin ya dace ƙwarai, amma an rubuta shi a manhajar da ake biya wa lasisi, sai an sake rubutawa. Mai hasashen yanayi an gaya mata kai tsaye cewa aikinta ba na gayya ba ne, domin kowane yanki na taswirarta sai ya ji daga maƙwabcinsa a kowane taki. Irin wannan na buƙatar babbar kwamfuta mai dunƙule wuri ɗaya, irin Lengau ta cibiyar CHPC a Cape Town. Haka mai koya wa kwamfuta jin maganar Hausa. Mai bayanan marasa lafiya na asibiti an tsayar da shi a tambaya ta bakwai: ba a tura irin waɗannan bayanai kwamfutar baƙo, ga Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, ga ta Tarayyar Turai. Mai gwada sinadaran itatuwan magani a kan furotin aikinsa zai shiga, amma ba shi da ɗakin gwajin da zai tabbatar da abin da kwamfuta ta nuna, aka ba shi shawarar ya nemo tukuna. Ta bakwai kuma aikinta ƙarami ne: kwamfuta 30 na ɗakin ɗalibai a jami'arta za su gama shi cikin 'yan makonni da HTCondor, manhajar Jami'ar Wisconsin da tun ƙarshen shekarun 1980 take tattara ƙarfin kwamfutocin da ke zaune, muddin manhajarta na yada zango saboda ɗaukewar wuta.

Abin da ya lalace a ranar shi ne zaman tebur ga na nesa. Tebur uku a ɗaki ɗaya, makirufo ɗaya. Minti ashirin na farko hayaniya kawai suke ji. Bayan hutu aka fitar da tebur ɗaya baranda, aka ajiye kwamfutar hannu a kowane, aka sa mutum guda yana rubuta abin da ake faɗa a takardar da kowa ke gani. Mai binciken gero layinsa ya yanke da aka fara ruwa a garinsu. Bidiyonsa aka kunna, ya ƙarasa amsa tambayoyi da saƙon murya.

Bayan wata shida

An ɗora aikin zazzaɓi a Janairu, ya kammala cikin kwana 19, ba kwana uku da 'yan awanni ba. Mafi yawan amsoshin sun dawo a makon farko. Ragowar ne suka ja, domin wasu kwamfutoci sun karɓi ƙulli ba su mayar ba, sai wa'adin kwana bakwai ya cika aka sake tura wa wasu. Mai ƙaramin aiki ta kafa HTCondor a kwamfuta 22, ta gama. Mai hasashen yanayi ta rubuta takardar neman gurbi a wata babbar cibiya, mai masaukinta ya taimaka mata da awon abin da za ta nema. Uku ba su motsa ba. Manhajar gero an kai rabi wajen sake rubuta ta.

Abin da na fahimta

Kiran maƙaloli ya faɗi ne domin ya nemi sakamako daga mutanen da aka shirya bitar don su fara, ya kuma nemi aikin masana daga jama'ar da gwanintarsu a wani wuri take. Tsari ne na taron da kowa ya riga ya shiga fannin, aka ɗora shi a kan zaman da manufarsa gabatar da baƙo ga mai gida. Buɗaɗɗen zama ya faɗi ta ɗaya gefen: ya dace da wanda zai hau jirgin ƙasa da kuɗinsa ya zo, bai san da malamin da sai ya bi ofis uku da takarda a hannu ba. Duka biyun mun yanke su ne ba tare da tambayar waɗanda abin ya shafa ba, kuma wayar da Dakta ta yi a Mayu, da a Janairu aka yi ta, da an huta da wata huɗu.

Takardar tambayoyin ta yi aiki domin kowane ɓangare ya samu abin da zai iya yi da hannunsa. Mai bincike ya san manhajarsa, zai cika shafi biyu a yini ɗaya. Mutumin taron ya san kwamfuta, zai gwada ƙulli a daren Asabar. A ganina masu masaukin nan su ne ainihin bitar. Awa uku da rabin wurin yanke magana ce kawai a kan aikin da aka yi wata biyu ana yi. Ina kuma ƙirga waɗanda aka ce wa aikinsu bai dace ba cikin waɗanda suka amfana, domin mai hasashen yanayi ta yi niyyar kashe shekara guda tana kafa uwar garke.

Inda ban gamsu ba shi ne rabon amfanin. Ɗalibin zazzaɓi yana cikin biyun da suka samu biza, kuma yarjejeniyar ɗora aikinsa a bakin tebur aka ƙulla ta, aka ƙarasa wajen cin abincin dare. Ukun da aikinsu bai motsa ba duk daga nesa suka shiga. Ba zan ce nisa kaɗai ya jawo ba, tunda biyu daga cikinsu aikin ne bai dace ba, amma mai binciken gero, wanda ba ya cikin ukun, shi ma daga nesa ya shiga, aikinsa ya dace kamar na ɗalibin, kuma shi ne ya kwashe rabin zaman yana neman layi.

Kwamitin ya nemi gurbi a taro mai zuwa. Za a rufe karɓar takarda a Afrilu, don takardar gayyata ta fita da sauran wata biyar. Zaman tebur na masu shiga daga nesa za a yi shi daban, mako ɗaya kafin taron, kowa da mai masaukinsa. An bar wa mai binciken gero minti goma na farko.